Bakwai Sau Takwas Nawa? Matsayin Hadda a Koyar da Lissafi

Tun da aka fitar da sakamakon WAEC na 2025 maganar lissafi ba ta sake kwanciya ba. Da farko an ce kashi 38.32 cikin ɗari ne kawai suka samu kiredit biyar haɗe da Turanci da lissafi, bayan 'yan kwanaki hukumar ta dawo ta ce an samu kuskure a wajen makin, adadin ya koma kashi 62.96. Ana cikin haka sai ga sabuwar manhajar karatu a watan Satumba na shekarar, sai kuma a Oktoba ma'aikatar ilimi ta tarayya ta ce masu son karanta adabi da harsuna da makamantansu a jami'a ba dole ne su zo da kiredit a lissafi ba, wasu suka ɗauka an soke lissafin ne gaba ɗaya, har sai da ma'aikatar ta fito ta ce a'a, kowa zai rubuta shi a jarrabawar gama sakandare, sharaɗin shiga jami'a ne kawai aka sassauta.

Amma a ƙarƙashin duk wannan hayaniyar akwai wata tsohuwar gardama da ake yi a ƙofar aji tsakanin uba da malami. Uban yana cewa a zamaninsu ba ka barin aji uku sai ka haddace jadawalin sau da ke bayan littafin rubutu, kullum da safe ana yin mental, malami da bulala a hannu, yau ga ɗansa a aji biyar an tambaye shi shida sau bakwai yana ƙirga yatsu. Malamin kuma yana cewa a wajen bita an gaya musu hadda tsohon yayi ce, yanzu fahimta ake so, yaro ya gano da kansa. Kowannensu yana da gaskiya a bakinsa, matsalar dai ba abu ɗaya suke nufi da kalmar hadda ba.

Abu uku da ake kira da suna ɗaya

Na farko shi ne riƙe amsa a ka, yadda da an ce takwas a tara da bakwai bakinka zai ce sha biyar kafin ma ka yi tunani. Irin waɗannan ba su da yawa: tarawa da ɗebewa na ƙananan lambobi har zuwa ashirin, jadawalin sau, rabi da rubu'i da abin da suke a cikin ɗari, da 'yan ƙa'idoji kaɗan.

Na biyu shi ne maimaita aiki har hannu ya faɗa, irin su doguwar rabawa, ko ɗebewa mai aro, ko warware lissafin da ake neman x. Wannan ba hadda ba ce irin ta baki, ya fi kama da yadda yaron tela yake taka keke a kan tsumma sati da sati kafin a ba shi yadin mutane.

Na uku shi ne haddar aku, wato yaro ya rera abin da bai san ma'anarsa ba, ko ya kwafi misali daga allo ya zuba shi a jarrabawa yadda yake, da an canja lamba ɗaya shikenan an kashe masa hanya. Duk wanda ya taɓa wucewa ta bayan ajin firamare da hantsi ya san sautin, "tu tayims wan tu, tu tayims tu fo", aji gaba ɗaya da murya ɗaya kamar waƙar gaɗa. Ka tsayar da yarinya ɗaya daga cikinsu ka ce bakwai sau takwas, sai ka ga leɓenta yana motsi, ta koma can farko ta taho daga bakwai sau ɗaya tana lanƙwasa yatsu don kar ta wuce wurin, idan wani ya yi tari a tsakiya sai ta sake sabon lale. Waƙar ta shiga kanta tsaf, amma amsar ba ta hannunta.

Masu sukar hadda yawanci na ukun nan suke nufi. Masu kare ta kuma na farko da na biyu suke nufi. Rabin rigimar daga nan take.

Inda rigimar ta samo asali

Ba mu muka fara ta ba. A Amurka tun 1922 Edward Thorndike ya tsaya a kan cewa lissafi ɗabi'a ce da ake ginawa da maimaici, a 1935 William Brownell ya fito ya ce maimaici ba tare da ma'ana ba ɓata lokaci ne. Da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a 1957 hankalin Amurkawa ya tashi, suka ga kamar an bar su a baya a kimiyya, sai aka kawo abin da aka kira sabon lissafi, aka rage atisayen tarawa da sau, aka cika manhaja da ilimin kasa abubuwa rukuni-rukuni da tsarin ƙirge da ba na goma-goma ba, wai don yaro ya fahimci ƙashin bayan lissafi tun yana ƙarami.

Wannan iskar ta kaɗo har nan. Daga 1962 aka riƙa yin tarukan rubuta littattafai a Entebbe ta ƙasar Yuganda don ƙasashen Afirka masu amfani da Turanci, Farfesa Grace Alele-Williams tana cikin waɗanda suka jagoranci gwada tsarin a makarantun Legas. Sai dai tsarin ya zo ya tarar da malaman da su kansu ba a koya musu shi ba, ga iyaye ba sa iya taimaka wa yaro da aikin gida tunda ba irin wanda suka sani ba ne, ga kuma UPE ta 1976, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, ta kwararo da miliyoyin yara cikin azuzuwa lokaci guda. A Janairun 1977 kwamishinan ilimi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya sanar da soke lissafin zamanin. Har yau akwai masana da ke ganin an yi gaggawa, akwai kuma masu ganin dama can bai dace da halin da makarantunmu ke ciki ba.

Can Amurka ma abin bai tsaya ba, ya yi ta lilo ne. A 1989 ƙungiyar malaman lissafi ta ƙasar ta fitar da ƙa'idojin da suka karkata ga warware matsala da amfani da kalkuleta, iyaye da wasu malaman jami'a a Kalifoniya suka tayar da ƙura har jihar ta sake nata tsarin a 1997. Kwamitin da shugaba George W. Bush ya kafa ya miƙa rahoto a 2008, abin da ya ce a taƙaice shi ne fahimta da saurin hannu da iya warware matsala kowanne yana ƙarfafa ɗan uwansa, don haka gardamar wanne ya fi wani ba ta da tushe. Ita kuwa Ingila daga 2022 ta wajabta wa 'yan aji huɗu gwajin jadawalin sau a kwamfuta, tambaya 25, kowace daƙiƙa shida, har zuwa sha biyu sau sha biyu. Kenan a daidai lokacin da ake gaya wa malaminmu a wajen bita cewa Turawa sun bar hadda, su Turawan sun mayar da ita doka.

Hujjar masu cewa a haddace

Hujjarsu mafi ƙarfi ta fito ne daga yadda ƙwaƙwalwa ke aiki. Akwai ma'ajiya mai faɗi kamar rumbu, wadda abin da ka sani da daɗewa yake kwance a ciki, akwai kuma ɗan wurin da kake juya tunani a yanzu-yanzu, shi kuwa kamar tafin hannu ne, abu kaɗan yake ɗauka. George Miller a 1956 ya ƙiyasta abu bakwai ne ko kusa da haka, binciken baya-bayan nan ya rage zuwa wajen huɗu. A kan wannan John Sweller na Ostireliya ya gina bayaninsa a shekarun 1980, cewa idan ƙananan abubuwa suka cika tafin hannun to babban darasin ba shi da wurin zama.

Mu ɗauki misalin da kowane gida ya sani. Mutum ya rasu ya bar mata da mahaifiya da 'ya'ya maza da mata. Matar tana da sumuni, mahaifiyar tana da sudusi, ragowar na 'ya'ya. Malamin da ya saba rabon gado ko alƙalami bai ɗauka ba zai ce asalin mas'alar 24 ne, mata 3, uwa 4, saura 17. Me ya sa ya ga 24 nan take? Saboda takwas sau uku da shida sau huɗu suna zaune a kansa, yana ganin takwas da shida ya san inda suke haɗuwa. Idan dukiyar naira 2,400,000 ce, mata ta ɗauki 300,000, uwa 400,000, 'ya'ya su raba 1,700,000. Toh ka ba ɗan JSS wannan lissafin a matsayin tara 1/8 da 1/6, in bai riƙe jadawali ba zai kwashe minti biyar yana jera 8, 16, 24 a gefen takarda, ya jera 6, 12, 18, 24, kafin ya gama ya manta dalilin da ya sa yake neman lambar tun farko. Malami zai ce bai gane ɓangarori ba, wato lambobi irin su 1/8 da 1/6, alhali ba nan ciwon yake ba, sau ne ya cinye masa wuri.

Haka abin yake bin yaro har sama. Wanda aka ce ya nemo lambobi biyu da in an ninka su za su ba da 56 in an tara su su ba da 15, in jadawali na kansa kallo ɗaya zai yi ya ga bakwai da takwas, in babu sai lalube. Masu wannan ra'ayi sukan ƙara da cewa kalkuleta ba ta maganin wannan, don ita amsa take bayarwa ba ta nuna maka alaƙa, kuma wanda ba shi da ƙiyasi a kai ko ya danna kuskure ba zai san amsar ta kauce ba.

Suna da wata hujjar ta adalci. Ɗan mai hali ko makaranta ba ta sa shi atisaye ba akwai malamin lesin da yamma, akwai uwa da ta yi boko da za ta zaunar da shi. Ɗan talaka abin da aka yi a aji shi ne iyakarsa, don haka duk tsarin da ya cire atisaye daga aji, shi aka cire wa.

Hujjar masu cewa a fara da ma'ana

Su kuma nasu misalin ga shi. Ka ba 'yan sakandare rabi a tara da sulusi a rubuce, 1/2 + 1/3, za ka samu da yawa sun rubuta 2/5, sun tara sama sun tara ƙasa. Ka ajiye alƙalami ka ce musu an auno rabin mudu na gero an ƙara sulusin mudu a kai, zai yiwu abin da aka samu ya gaza rabin mudu? Dariya za su yi. Amma 2/5 ɗin da suka rubuta bai kai rabi ba. Sun yi shekaru suna bin ƙa'ida ba a taɓa haɗa musu alamar da ke kan takarda da mudun da ke gidansu ba, shi ya sa amsar da hankali ba zai ɗauka ba ta wuce ta gabansu ba su ji komai ba.

Irin wannan ya cika azuzuwanmu. In ka tsallaka da lamba ɗaya gefen alamar daidai (=) ka canja mata alama, me ya sa, oho. In za ka raba da ɓangare ka kifa shi ka ninka. Ga kuma haruffan tuna ƙa'ida irin su BODMAS da SOHCAHTOA. Ƙa'idojin ba ƙarya ba ne, amma wanda ya riƙe su ba tare da dalili ba yana riƙe da tarin makullai ne bai san ƙofar kowanne ba, kuma kullum tarin ƙaruwa yake har ranar da za su cakuɗe. Richard Skemp a 1976 ya bambanta sanin yadda ake yi kawai da sanin yadda ake yi tare da dalilinsa, ya yarda na farkon ya fi saurin ba da maki a gwajin ƙarshen mako, na biyun ne dai yake daɗewa kuma yake aiki a tambayar da ba a taɓa gani ba.

Sai maganar tsoro. Farfesa Jo Boaler ta jami'ar Stanford tana daga cikin masu cewa gwajin sauri da agogo yana dasa wa yara fargabar lissafi, kuma fargabar ita kanta tana cinye ɗan tafin hannun nan da muka ambata, yaro ya san amsa amma kansa ya ɗauke. Wasu masana sun ce hujjar da ta kawo kan agogon ba ta kai ƙarfin da take ba ta ba, amma babu mai musun cewa fargabar lissafi gaskiya ce. A wajenmu ma ba agogo ba ne, dorina ce. Manya da yawa da yau suke cewa su kansu ba ya ja a lissafi, in ka bi diddigi za ka tarar da wata safiya ce a aji uku da aka tsayar da su gaban jama'a.

Abin da ya fi jan hankali a wannan ɓangaren shi ne yaran talla. Yarinyar da ke sayar da awara a bakin tasha, an sayi ta 350 an miƙa mata dubu ɗaya, kafin ka rufe baki ta ce canjinka ɗari shida da hamsin. A kanta cikawa ta yi, hamsin ya kai ɗari huɗu, ɗari shida ya kai dubu. Ka rubuta mata 1000 a sama 350 a ƙasa ka ja layi, sai aro daga sifili ya rikita ta. An yi bincike a kan wannan a garin Recife na Burazil, aka buga a 1985, yara 'yan kasuwa suka ci kusan duk tambayoyin da aka yi musu a bakin sana'a, da aka ba su irinsu a takarda tsirara ko rabi ba su ci ba. Yaran da aka gwada a lokacin biyar ne kacal, amma a 2025 Abhijit Banerjee da Esther Duflo da abokan aikinsu sun fitar da makamancinsa da yara sama da dubu a kasuwannin Kolkata da Delhi, suka samu abu ɗaya, har da ƙari: 'yan makarantar da ba sa kasuwa sun fi iya na takarda, amma da aka kawo musu lissafin ciniki sai suka kasa. Kowane ɓangare yana jan wannan binciken zuwa gefensa, kuma dukkansu suna da hannu a ciki, don yarinyar awarar ma'ana ce ta sa ta iya, amma kuma sau ɗari take maimaita wannan lissafin kowace rana.

Abin da tsangaya ta riga ta sani

In ana maganar hadda a ƙasar Hausa ba a rasa gwanaye, kuma tsarinsu yana da abin koyo ko da kuwa abin da ake haddacewa ya bambanta. Alaramma ba ya ƙara wa almajiri sai ya kawo na jiya, ba a wanke allo sai karatu ya zauna, ƙarin kuma daidai ƙarfin yaro ake yi, wani layi biyu wani sumuni guda, ba a cewa tunda shekarunku ɗaya dole ku tafi tare. Sannan ga tilawa da tishi, ana komawa baya kullum don an san abin da ba a waiwaya ba guduwa yake. Hermann Ebbinghaus a 1885 ya auna yadda mantuwa ke cin sabon abu da sauri a kwanakin farko, masu bincike bayansa suka tabbatar cewa bita kaɗan-kaɗan a rarrabe ta fi zama ɗaya mai tsawo, wannan kuwa shi ne aikin gardi tun kafin a auna. A musabaƙa ma alƙali daga tsakiyar sura yake ɗauko aya ya ce ci gaba, wanda sai ya koma farko ba a kiransa mahaddaci.

Ka auna ajin lissafi da wannan ma'aunin. Ana rera jadawali a jere kawai, ba a tsinko wa yaro daga tsakiya. Ana yin ɓangarori sati biyu a zangon farko a wuce, ba a sake komawa sai daren jarrabawa. Ana ƙara wa kowa sabon darasi ko ya kawo na jiya ko bai kawo ba, tunda manhaja ta ce wannan satin nan ya kamata a kai. Wato abin da ake zargi da sunan hadda ta yi yawa a makarantun boko, a gaskiya ko haddar ma ba a yi ta yadda masu ita suke yi ba.

Inda kwatancen ya tsaya shi ne, nassi ana riƙe shi ne harafi da harafi ba a taɓa shi, shi kuwa lissafi so ake ka iya kwance shi ka ɗaura. Wanda ya manta bakwai sau takwas ya kamata ya iya cewa biyar sau takwas arba'in, biyu sau takwas sha shida, hamsin da shida kenan, ko ya ninka bakwai sau huɗu gida biyu. Kuma da wannan fahimtar kayan haddar kansu raguwa suke. Daga ɗaya zuwa goma amsoshi 100 ne, da yaro ya gane uku sau takwas da takwas sau uku abu ɗaya ne (a jera masa duwatsu layi uku, a juya shi ya kalla ta gefe) sun koma 55. A cire gidan ɗaya da biyu da biyar da goma da kusan kowane yaro ke kamawa da wuri, saura 21. In an nuna masa tara sau abu shi ne goma sau abin a ɗebe abin sau ɗaya, saura 15. Sha biyar ɗin nan kam sai an zauna an maimaita su, babu wata dabara.

Da wane harshe ake haddar?

Wannan tambayar ba kasafai ake yin ta ba, alhali ita ce ta fi shafar yaran Arewa. Yaron da ke rera "sebin tayims eyit" bai san sebin ɗin ita ce bakwai ɗin da yake ƙirga awakin gidansu da ita ba, sauti kawai yake ɗauka. Ga shi kuma ƙirgen Hausa a wasu wuraren ya fi na Turanci fito da tsarin goma fili, goma sha ɗaya, goma sha biyu, kana ji ka san goma ce da ƙari, yayin da na Turanci sha ɗaya da sha biyu sunaye ne na daban, sha uku da talatin kuma a kunnen yaro kusan sauti ɗaya ne. Tsofaffi har yau suna cewa ashirin ba ɗaya, ashirin ba biyu, ɗebewa ce a cikin sunan lambar. A kasuwar Maraɗi ko Damagaram da dala ake ciniki, dala ɗaya sefa biyar, dala ashirin sefa ɗari, mutanen da ba su taɓa shiga lakwal ba suna ninkawa da biyar daga safe har dare.

A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da janye tsarin, Turanci ya zama harshen koyarwa tun daga ƙasa. Hujjar ma'aikatar ita ce sakamakon jarrabawa ya yi rauni a yankunan da suka fi dogara da harshen gida. Masu adawa suka ce tsarin ba a taɓa aiwatar da shi da littattafai da horar da malamai ba balle a ɗora masa laifi, suna kuma kafa hujja da gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife a shekarun 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon firamare. Ko wanne ne daidai, abin da ya shafi batunmu a fili yake: duk lokacin da yaro bai jin harshen da ake bayani da shi, abin da ya rage masa kawai shi ne haddar aku, malami ma ita ce ta rage masa.

Yadda abin zai taɓa mutane

Binciken MICS na 2021 da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da UNICEF ya nuna kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai na yara 'yan shekara 7 zuwa 14 suke da tushen lissafi irin na aji biyu zuwa uku. Da wannan adadin, muhawarar da ake yi a Kalifoniya tsakanin hadda da fahimta ta yi mana nisa, yawancin yaranmu ba su samu ko ɗaya daga ciki ba.

Ga malami, babban cikas ɗin yawan yara ne. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya yara 35 a firamare, amma aji mai yara ɗari ba baƙon abu ba ne a biranenmu. Atisaye na gaskiya yana buƙatar a duba aikin kowane yaro a gyara masa kafin kuskuren ya zauna, don wanda ya maimaita kuskure sau hamsin kuskuren ya haddace. Malamin da ke da littafi ɗari a gabansa da minti talatin da biyar, rera waƙa ce kaɗai hanyar da zai sa kowa ya yi wani abu lokaci guda. In aka ce masa ya daina hadda ba a ba shi abin da zai maye gurbinta ba, abin da zai biyo baya shi ne kwafe daga allo, wanda ya fi waƙar muni. Shi ya sa tsarin da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ƙirƙiro na koyar da yaro daidai matakinsa ya ja hankali, an gwada shi a Borno, an kuma gwada a Wudil da Dawakin Tofa a jihar Kano. Ana gwada yara a raba su gwargwadon abin da suka iya ba gwargwadon ajinsu ba, a ba su tsinkaye su ɗaure goma-goma su ga yadda aro yake da idonsu, ƙulli ɗaya ake kwancewa ya zama tsinke goma, sannan a yi ta maimaitawa kullum da Hausa. Ma'ana da maimaici a zama ɗaya, kuma kayan aikin kara ne da duwatsu.

Ga iyaye, sauyin manhaja ko tallan makarantar kuɗi ba shi ne abin dubawa ba. Tambaya uku ta isa a gane inda yaro yake, ko da uban bai yi boko mai zurfi ba. A tsinko masa shida sau bakwai daga tsakiya a ga ko zai amsa ba tare da ya koma farko ba. A ce ya nuna shida sau bakwai ɗin da wake ko duwatsu. A ce ya ƙirƙiro labarin ciniki da zai buƙaci wannan lissafin. Wanda ya ci ta farko ya faɗi sauran yana da hadda ba ma'ana, wanda ya ci na bayan ya yi jinkiri a ta farko ya gane, maimaici ya rage masa, minti goma kullum bayan magariba ya fi awa biyu ranar Lahadi amfani. In ana biyan kuɗin lesin, wannan ne abin da ya kamata a tambayi mai lesin ɗin a kai, ba yawan shafukan da aka cika ba.

Ga ɗalibin da ya riga ya kai sakandare da wannan giɓin, sassaucin da aka yi a Oktoban 2025 zai buɗe wa wasu ƙofar jami'a, amma bai taɓa masu son likitanci ko injiniya ko akanta ko kimiyyar kwamfuta ba, kuma bai cire lissafi daga rayuwar wanda zai riƙe shagon POS ko ya auna taki a gona ko ya lissafa ribar bashin banki ba. Wanda zai zauna JAMB tambaya 180 ke jiransa cikin awa biyu, daƙiƙa arba'in kenan kowace tambaya in an raba daidai, a cikinsu zai karanta, ya gane me ake nema, ya zaɓi hanya, ya yi aikin. Akwai ƙaramar kalkuleta a fuskar kwamfutar, amma duk wanda sai ya buɗe ta don bakwai sau takwas, daga cikin arba'in ɗin nan yake biya.